Hoton Yaƙi da Sunan da Aka Raɗa Masa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma ko a gaban alƙali shaidar ganau ta fi ta jiyau nauyi. Da irin wannan amana mutane suka karɓi hoto tun daga 1839, shekarar da aka bayyana wa duniya fasaharsa a birnin Faris. Mai zane yana iya ƙara wa sarki tsawo, maroƙi yana iya mai da gudun tsira dabarar yaƙi, amma hoto, a tunanin mutanen wancan zamani, haske ne da kansa yake rubuta abin da ya tarar, ba tare da son zuciyar ɗan Adam ya sa baki ba. Saboda haka da aka fara kai kyamara fagen fama, jama'a sun ɗauka a karon farko za su ga yaƙi da idonsu, su huta da ji daga bakin mawaƙa da masu ba da labari.

Wanda ya zauna ya duba hotunan nan na farko zai lura da abu guda: babu faɗa a cikinsu. Ba a ganin dawaki suna sukuwa, ba a ganin mazaje suna arangama. Abin da ake gani shi ne tantuna, da hafsoshi tsaye cikin kayan sarki, da ganuwar da ta rushe, daga baya kuma gawawwaki. Dalilin yana cikin aikin kansa. Hanyar ɗaukar hoto da ta fi yaɗuwa a lokacin ita ce wadda Frederick Scott Archer ya fito da ita a Ingila a 1851. Mai hoto zai shafe farantin gilashi da wani ruwan magani mai danƙo, ya tsoma shi cikin sinadarin azurfa a ɗaki mai duhu, ya sa shi a kyamara tun yana jiƙe, ya buɗe idon kyamarar na wasu daƙiƙu, sannan ya koma cikin duhu ya wanke shi kafin ya bushe. Dole a gama duk wannan cikin kamar minti goma zuwa sha biyar. Duk abin da ya motsa a daƙiƙun nan, ko dai ya fito dishi-dishi ko ya ɓace gaba ɗaya. Kyamarar ba ta iya kama komai sai abin da ya tsaya cik: dutse, bango, mutumin da aka ce wa kada ya motsa, da wanda ba zai ƙara motsi ba har abada.

Ke nan mai hoton yaƙi na farko yakan iso ne kafin a fara ko bayan an watse, ya nemi wani abin da zai tsaya a madadin abin da bai gani ba. Ta nan alama ta shigo. Kango ya wakilci birnin da aka ci da yaƙi, igwar da aka yar ta wakilci rundunar da ta gudu. Alama kuwa ba daga sama take faɗowa ba. Wani ne yake zaɓenta, wani lokaci ya gyara mata zama, sannan ya rubuta 'yan kalmomi a ƙarƙashinta. Waɗannan 'yan kalmomi sun cancanci a tsaya a kansu, domin sau da yawa su ne suke gaya wa ido abin da zai gani.

Kwarin da babu kowa

An yi yaƙin Kirimiya daga 1853 zuwa 1856, Rasha a gefe guda, Turkawan Santambul da Birtaniya da Faransa da Sardiniya a ɗaya gefen. Hunturun da ya ratsa 1854 zuwa 1855 ya galabaitar da sojojin Birtaniya da suka yi wa birnin Sebastopol ƙawanya. Ga sanyi, ga yunwa, ga kwalara, babu isasshen magani balle tufafi, har cuta ta kashe fiye da abin da harsashi ya kashe nesa ba kusa ba. William Howard Russell, wakilin jaridar The Times, ya riƙa aiko da rahoton wannan hali har ran jama'a ya ɓaci, gwamnatin Lord Aberdeen ta faɗi a farkon 1855.

A cikin wannan yanayi Roger Fenton ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Balaklava a watan Maris na 1855. Mutum ne da ya karanta lauya ya kuma koyi zane, kuma ya taɓa ɗaukar hotunan iyalan Sarauniya Victoria. Ya zo da takardun gabatarwa daga Yarima Albert, mijin sarauniyar, da goyon bayan Thomas Agnew, ɗan kasuwar hotuna na Manchester da yake sa ran sayar da abin da za a ɗauko. Ya zo da tsohon keken doki na wani mai sayar da giya, wanda ya mayar ɗakin duhu, da mataimakinsa Marcus Sparling, da farantan gilashi kusan 700. A watan Yuni ya juya gida da kwalara a jikinsa da hotuna kimanin 360.

A cikin hotunan nan babu gawar soja ko ɗaya. Ba don bai gani ba, domin wasiƙun da ya aika gida sun nuna ya ci karo da ƙasusuwan matattu a filin Balaklava. Amma waɗanda za su sayi hotunan iyalan hafsoshi ne da masu hali na Landan, kuma ba wanda zai biya kuɗi ya rataya gawar ɗansa a bangon falo. Sai yaƙin ya fito a hannun Fenton da fuskar natsuwa: janar a kan doki, hafsoshi zaune a ƙofar tanti, jiragen ruwa cunkushe a tasha.

Duk da haka, hoto ɗaya ya fita daban, kuma shi ne duniya ta riƙe. Ranar 23 ga Afrilu 1855 Fenton ya kai kekensa wani kwari da igwogin Rasha suke yawan yi wa ruwan wuta. Abin da ya ɗauko hanya ce ta ƙasa da ta ratsa tsakanin ƙeƙasassun tuddai. Babu itace, babu mutum, babu dabba. Sama fari fat, domin maganin da ke jikin gilashin ba ya iya riƙe gajimare a irin wannan ɗauka. Sai ido ya natsu sannan yake gane cewa dunƙulallun abubuwan da suka cika kwalbatin gefen hanya, suka kuma warwatsu a kanta, ba duwatsu ba ne. Harsasan igwa ne, ƙwallayen ƙarfe, kuma kowane ɗaya an harbo shi ne da niyyar raba wani da ransa. Rashin mutum a hoton shi ya buɗe wa mai kallo ƙofa. Uwar da ɗanta yake Kirimiya ba ta buƙatar a nuna mata gawa. Da kanta za ta ɗora shi a kan wannan hanya.

Sai kuma sunan. Sojojin da ke wurin sun riga sun laƙaba wa wurin sunan mutuwa, kuma da aka baje hotunan a Landan daga baya a wannan shekara, an kira wannan “Kwarin Inuwar Mutuwa”. Lafazin daga Zabura ta 23 yake a Littafi Mai Tsarki na Kiristoci, surar da kusan kowane Bature mai zuwa coci ya haddace, wadda maganarta ita ce dogaro ga Ubangiji a tsakiyar haɗari. Don haka sunan yana tsoratarwa, yana kuma lallashi a lokaci guda: ɗanku yana cikin haɗari, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani aikin kuma da ya yi. A watan Disamba na 1854 mawaƙi Alfred Tennyson ya wallafa waƙarsa a kan farmakin da barade suka kai wa igwogin Rasha a Balaklava ranar 25 ga Oktoba, farmakin da ya samo asali daga umarnin da aka fahimta a karkace, aka kuma yi asarar mutane da dawaki da yawa. Waƙar ta bazu ko'ina, ita ma tana maganar kwari da mutuwa. Mutane da yawa da suka tsaya gaban hoton Fenton sun ɗauka wurin ke nan, alhali kwari ne daban. Ta haka 'yan kalmomi uku suka shigo da dawaki da jarumai da ta'aziyya cikin hoton da babu komai a cikinsa sai ƙasa da ƙarfe.

Fenton ya ɗauki hoton sau biyu a wannan rana, daga wuri ɗaya. A ɗaya hanyar fes take, harsasan suna cikin kwalbati da gefen tudu. A ɗayan kuma sun watsu a tsakiyar hanya. Marubuciya Susan Sontag, a littafin da ta wallafa a 2003 kan kallon azabar wasu, ta tafi a kan cewa Fenton ne ya sa aka watsa su. A 2007 mai shirya fina-finai Errol Morris ya bi diddigin maganar har Kirimiya, kuma da aka gwada hotunan biyu aka ga wasu ƙananan duwatsu sun gangaro ƙasa kaɗan a ɗayansu, alamar an tattaka wurin. Wannan ya nuna hoton da hanyar take fes shi aka fara ɗauka. Wasu na ganin an jera harsasan ne don hoton ya yi armashi, wasu kuma na cewa sojoji ne suke tara su don a kwashe a sake harba wa Rashawa. Ko wanne ne, harsasan na gaske ne, haɗarin ma na gaske ne. Abin lura shi ne wanne daga cikin biyun ya yi suna. Kwalbati cike da harsashi yana cewa an yi wuta a nan. Hanya cike da harsashi tana cewa babu wurin wucewa. Duniya ta zaɓi na biyun, domin shi ya fi dacewa da sunan.

Gawar wa ake nunawa?

Abin da Fenton ya kauce wa, Felice Beato ya neme shi. Beato ya fara aikin yaƙi ne a Kirimiya tare da surukinsa James Robertson. A 1858 ya isa Indiya, bayan Turawan Ingila sun fara murƙushe boren da ya tashi a 1857. A birnin Laknau akwai wani lambu mai katanga da ake kira Sikandar Bagh, inda a watan Nuwamba na 1857 dakarun Sir Colin Campbell suka kashe mayaƙan Indiya kimanin 2,000. Beato ya iso bayan watanni. Hotonsa ya nuna gini mai ginshiƙai da harsasai suka huhhuje, wasu Indiyawa da doki daga can baya, tsakar gidan kuwa cike da ƙoƙunan kai da haƙarƙari da ƙasusuwan ƙafa. Masana tarihin hoto da dama sun tafi a kan cewa tono ƙasusuwan aka yi, ko kuma baza su aka yi, domin hoton. Yana cikin hotunan farko a duniya da suka nuna ragowar jikin ɗan Adam a fagen yaƙi.

Rubutun da ke tafiya da hoton ya faɗi adadin waɗanda aka kashe, ya kira su 'yan tawaye, sannan ya ambaci sunayen rundunonin da suka yi kisan. Waɗanda suka kashe suna da suna, waɗanda aka kashe lissafi kawai gare su. Kalmar tawaye kuwa hukunci ce da aka yanke tun kafin mai kallo ya ɗaga ido, domin tana gaya masa cewa mutanen nan su suka jawo wa kansu. Jikokinsu a Indiya suna kiran wannan bore yaƙin farko na neman 'yanci. Ƙasusuwan ba su sauya ba. Sunan da aka kira su da shi ne ya raba mai laifi da gwarzo. A birnin nan dai Beato ya ɗauki hoton gidan Razdan, inda Turawa da yawa suka mutu lokacin da aka yi musu ƙawanya. A can bango ne kawai da kango, ba a baza ƙashin kowa ba.

Bayan shekara biyu ya bi sojojin Birtaniya da Faransa zuwa ƙasar Sin, a yaƙin da ake dangantawa da cinikin ofiyom. Ranar 21 ga Agusta 1860 suka ci ganuwar Taku da ke tsare bakin kogin da ake bi zuwa Tianjin da Beijin. Wannan karon Beato bai makara ba. Ya shiga tun gawawwakin masu tsaron ganuwar suna kwance kusa da igwoginsu, kuma wani likitan sojan Birtaniya, David Rennie, ya rubuta cewa ya gan shi yana roƙo kada a taɓa su sai ya gama ɗauka. Maharan ma sun yi asarar mutane a wannan rana, amma gawawwakin da ke cikin hotunan na Sinawa ne.

Daga nan wata ƙa'ida ta fito wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba: gawar namu sirri ce, gawar nasu hujja ce. Mu da muka tashi a cikin al'ummar da take gaggauta suturta mamaci, kuma addininta ya hana wulaƙanta gawa ko da ta abokin gaba ce a fagen daga, mun san nauyin abin da aka hana waɗannan mutane. An hana su a rufe su.

Girbi da mai shuka

Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, ya gwada wannan ƙa'ida, domin a can masu kashewa da waɗanda ake kashewa 'yan ƙasa ɗaya ne masu harshe ɗaya. Ranar 17 ga Satumba 1862, a bakin rafin Antietam, mutum kusan 23,000 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace a yini guda. Bayan kwana biyu Alexander Gardner da James Gibson, waɗanda suke aiki ƙarƙashin mai ɗaukar hoto Mathew Brady, suka shiga filin tun ba a gama binne matattu ba. A watan Oktoba aka baje hotunan a shagon Brady da ke New York. Jaridu a lokacin ba su da fasahar buga hoto kai tsaye, sai dai mai sassaƙa ya kwafe shi a kan katako, don haka mutane suka yi ta tururuwa su ga na ainihi. Jaridar New York Times ta kwatanta abin da kawo gawawwakin a ajiye a ƙofar gidajen jama'a, ta kuma lura cewa da gilashin ƙara girma ana iya gane fuskar mamaci.

Wannan aiki ya cancanci yabo, kuma ina yaba masa da zuciya ɗaya. Mutanen da suka saba karanta jerin sunaye a jarida da safe su wuce, a ranar sun ga yadda jikin saurayi yake kumbura a rana, sun ga aljihunan da aka zazzage. Amma ko a nan tsohuwar ƙa'idar ba ta mutu ba. Mafi yawan gawawwakin na sojojin Kudu ne, domin rundunar Arewa ce ta riƙe filin, kuma nata ta fara binnewa.

A Gettysburg, inda aka gwabza daga 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, Gardner ya iso tare da Gibson da Timothy O'Sullivan. Bayan yaƙin ya tattara hotuna 100 a littafi mai juzu'i biyu, kowane hoto da sunansa da bayaninsa. Ɗaya daga cikinsu, wanda O'Sullivan ya ɗauka, ya nuna gawawwaki kwance a fili har inda hazo ya haɗiye su, na gaba bakinsa a buɗe, an kwashe musu takalma. An raɗa masa suna “Girbin Mutuwa”. Gardner ya bayyana cewa nufinsa a ga munin yaƙi ba adonsa ba, ya zama gargaɗi ga masu zuwa. Niyyar mai kyau ce, sunan ma yana ratsa zuciya. Sai dai duk ɗan manomi ya san girbi lokaci ne da yake zuwa da kansa, ba a tuhumar kowa don kaka ta yi. Idan aka kira kisa girbi, an mai da shi yanayi, an ɗauke hannun mutum daga ciki. Amma manomin nan dai ya san ba a girbin abin da ba a shuka ba. Abin da aka shuka a Amurka bautar da miliyoyin 'yan Afirka ce da jayayyar da ta biyo bayanta, kuma sunan hoton bai kai mai kallo can ba.

A bayanin wannan hoto Gardner ya ce matattun 'yan tawayen Kudu ne da suka biya bashin cin amanar ƙasa da rayukansu. A shafin da ke biye akwai wani hoton mai suna “Filin da Janar Reynolds Ya Faɗi”, inda ya ce waɗannan kuma namu ne, ya siffanta irin natsuwar da ake gani a fuskokin sojojin Arewa da suka mutu. Sai a 1975 mai bincike William Frassanito, wanda ya shafe shekaru yana gwada hotunan da duwatsu da tuddan filin, ya nuna cewa mutanen ɗaya ne. An ɗauke su ne daga wannan ɓangare, aka zagaya aka ɗauke su daga wancan. A shafi ɗaya maciya amana, a na gaba 'yan kishin ƙasa, kuma masu karatu sun yi fiye da shekara ɗari suna ganin mugunta a fuskar farko da salama a ta biyu.

Frassanito ya kuma tabbatar da labarin wani saurayi sojan Kudu da ya bayyana a wurare biyu. An fara ɗaukarsa inda ya faɗi a cikin ciyawa, sannan aka ɗauke gawar aka kai ta wani lungu tsakanin manyan duwatsu, aka juyo da fuskarsa wajen kyamara, aka jingina bindiga a bango, aka kira hoton “Gidan Maharbin 'Yan Tawaye”. Bindigar ma irin ta kowane kurtu ce, ba ta gwanayen harbi daga nesa ba. Gardner ya rubuta masa labari mai sosa rai, yana hasashen tunanin gida da na masoya a sa'arsa ta ƙarshe. Tausayin na iya zama na gaske. Amma yaron ɗan wasu ne, yana da mutuwarsa ta kansa a wurin da ta same shi, kuma an karɓe ta an ba shi wata wadda ta fi kyan sayarwa.

Da kyamara ta iso gare mu

Kafin ƙarshen ƙarnin kyamara ta yi sauƙi. An samu farantin da ba ya buƙatar jiƙawa, ƙaramar kyamarar hannu ta Kodak kuma ta fito a 1888, har ta zama abin da hafsa zai jefa cikin kayansa. Wannan ya zo daidai da lokacin da Turawa suke rabon Afirka.

Ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunonin Faransa uku, biyu daga cikinsu sun biyo ta Damagaram, suka haɗu a Kuseri, inda kogin Logon ya haɗu da Shari, suka gwabza da Rabihu Fadlallah, wanda aka fi sani da Rabe. Ba sai an wanke Rabe ba: shi ne ya ci Barno a 1893, ya rusa Kukawa, ya kafa mulkinsa a Dikwa da ƙarfin bindiga, kuma mutane da yawa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa. A wannan rana shugabannin ɓangarorin biyu duka suka mutu, Rabe da Kwamanda Lamy na Faransa. Abin dubawa shi ne yadda aka tuna da kowannensu. Lamy aka ba shi gari: sansanin da aka kafa a tsallaken kogin aka kira shi Fort-Lamy, sunan da ya riƙe har 1973 da aka mai da shi Njamena. Rabe kuwa aka ba shi hoto: kansa da aka yanke, wani sojan Afirka na rundunar Faransa ya ɗaga shi sama. Hannun da ya riƙe kan baƙi ne, wanda yake bayan kyamara kuwa ba a ganinsa. Babu abin da ke cikin wannan hoto da ya shafi yadda aka yi yaƙin. Saƙonsa ɗaya ne: wanda kuke tsoro ya ƙare, yanzu mu za ku ji tsoro.

Bayan shekara uku abin ya iso ƙasar Hausa. Da Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi. Ranar 27 ga Yuli aka kashe shi a Burmi, a yankin kogin Gongola, tare da ɗaruruwan mabiyansa. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa an ɗauki hoton gawarsa aka riƙa nunawa, domin a tabbatar wa jama'a ya mutu, a kashe duk wani sauran buri. A nan mai kallon da ake nufi ba Baturen Landan ba ne da zai saya ya adana. Talakan ƙasar ne, da sarakunan da ake so su miƙa wuya.

Sai dai a nan ne kuma aka ga iyakar ikon mai raɗa suna. Abin da aka nuna a matsayin ƙarshen mai taurin kai, jama'a sun karanta shi a matsayin shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiyar da waɗanda suka rage har Sudan, inda garin Mai Wurno yake tsaye a bakin Nilu har yau. Mai kyamara yana iya zaɓen abin da za a gani da sunan da za a fara kiransa da shi, amma ba shi da tabbacin cewa jikokin waɗanda ke cikin hoton za su yarda da sunan.

Abin da ya rage a hannunmu

Ba daidai ba ne a kira waɗannan mutane maƙaryata a wuce. Sun yi aiki cikin wahala da haɗari, kuma ba don su ba da abubuwa da yawa sun bi iska. Hoto shaida ne na gaskiya a kan abu ɗaya, wato cewa wannan abin ya tsaya gaban kyamara a wannan lokaci. Ba ya ba da shaida a kan wanda ya kawo shi wurin, ko abin da ke bayan mai ɗauka, ko wanda yake da gaskiya a rigimar. Waɗannan duka daga bakin mutum suke fitowa, kuma mutum yana da ɓangare.

Tsohuwar ƙa'idar ma ba ta tafi tare da farantin gilashi ba. A yaƙin duniya na biyu sai a watan Satumba na 1943 hukumomin Amurka suka bari mujallar Life ta buga hoton sojojinsu da aka kashe, mutum uku a gaɓar tekun Buna, kuma ba a ganin fuskar ko ɗaya. Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta wajabta kare fursunonin yaƙi daga zama abin kallon jama'a, domin an gane cewa nuna wanda aka fi ƙarfi shi ma wani nau'in cutarwa ne.

Yau kyamarar tana aljihun kowa, kuma kowa yana iya raɗa suna. Duk lokacin da aka kai hari a wani gari, kafin a gama jana'iza hotuna sun cika wayoyi ta WhatsApp da Facebook. Wasu na wurin ne, wasu tsofaffi ne daga wata ƙasa aka sauya musu bayani, aka ce ga abin da ƙabila kaza ko mabiya addini kaza suka yi. Abin da Gardner ya yi wa gawawwakin Gettysburg a shafi biyu, yanzu ana yinsa cikin daƙiƙa, kuma yana iya jawo a zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba.

Don haka, ya mai karatu, idan irin wannan hoto ya iso hannunka, ka tambayi wanda ya ɗauka da lokacin da aka ɗauka, ka raba abin da idonka ya gani da abin da rubutun ƙasa ya ce ka gani, ka kuma tambayi kanka dalilin da ya sa wannan gawa aka nuna maka ba wata ba. Idan kuwa fuskar mamaci ce a buɗe, ka tuna yana da uwa da 'ya'ya waɗanda su ma suna da waya. Kada ka tura. Ka yi masa addu'a, ka bar shi da mutuncinsa.